Kafin Ka Tura Kuɗin Injin Gona: Abin Da Bidiyon TikTok Bai Nuna Maka Ba

Idan kana yawan zagaya TikTok ko Facebook, da wuya ba ka ci karo da bidiyon nan ba. Wani ya hau 'yar ƙaramar mota mai taya huɗu yana kewaya filin gidansa, ciyawa tana kwanciya a bayansa kamar an yi mata aski. Sai ka tuna gonar gidanku ta hekta biyu a Dogon Daji, ko fadamarku a Kuchi, ko lambun mangwaron da ciyawa ke cinyewa duk damina, ka ce a ranka ai ga maganin wahala nan.

Dakata tukuna, ɗan'uwa. Kuɗin da za ka zuba ba na wasa ba ne. Wani bijimi ya sayar, wani babur, wani kuma tarin shekara uku ne na sana'ar POS ko cajin waya. Idan ka sayi injin da bai dace da ƙasarku ba, babu mai dawo maka da ko sisi.

Injin bidiyon, don filin wa aka ƙera shi?

Injin yankan ciyawa da ake hawa, irin na kamfanonin John Deere da Husqvarna, an ƙera shi ne don gidajen Amurka da Turai, inda ake shuka ciyawa don ado a fili shimfiɗaɗɗe. Cikinsa a ƙasa yake sosai, wuƙaƙensa na juyawa dab da ƙasa. Ka kai shi gonar da ke da kunya da kututturen gero da tushen sabara, wuƙar za ta lanƙwashe tun a ranar farko, bel ya tsinke.

Sannan shi niƙe ciyawar yake yi ya watsar. A Tambuwal da Kebbe kuwa ciyawa kuɗi ce. Harawar wake da ta gyaɗa da karan dawa su ne abincin ragon layya da shanun kiwo idan rani ya tsananta. Injin da zai daddatse su ya barbaza a ƙasa asara ya jawo maka. Kuma ba ya huɗa, ba ya ɗaukar kaya, ba ya jan ruwa.

Don haka tambayar farko ita ce, wane aiki ne ya fi cinye maka kuɗi da lokaci? Amsar ita za ta zaɓa maka inji.

Idan ciyawa ce kawai matsalar

In filin gida ne babba, ko lambu, ko filin makarantar Islamiyya, ko bakin hanyar ruwa, abin da ya dace da aljihunka shi ne injin yankan ciyawa da ake ratayawa a kafaɗa. Doguwar sanda ce mai wuƙa a ƙarshenta. Yana shiga tsakanin bishiyoyi, ba ruwansa da kunya ko rami, kuma ciyawar tana faɗuwa da tsawonta, ka tattara ka ɗaure ka sayar. Akwai ma masu ɗaura masa ƙarfen tare kara su yanki shinkafa da shi.

Yawancinsu irin injin nan ne da ake haɗa wa fetur da mai na musamman, kamar ƙaramin janareta. Ka bi ma'aunin da ke cikin littafinsa. Ranar da yaronka ya zuba masa fetur zalla, ranar injin ya tashi aiki.

Idan huɗa ce

Nan ne yawancin matasa ke kashe babban kuɗi. Fawa tila, wato ƙaramar taraktar nan mai taya biyu da ake riƙewa ana binta a baya, iri biyu ce a kasuwa.

Akwai ƙaramar mai shan fetur, ƙarfin doki 6 zuwa 7. Ba ta da nauyi, an fi samunta da sauƙin kuɗi, tana kuma yin kyau a jigawa da fangalin albasa, tumatir da tattasai. Amma ka kai ta busasshiyar lakar fadama, sai ta riƙa tsalle tana karce saman ƙasa, kai kuma kafaɗunka su gaya maka da dare.

Akwai babbar mai shan gas, ƙarfin doki 12 zuwa 15, yawanci 'yar Chaina ko Indiya. Tana da nauyin da zai sa wuƙaƙenta su nutse, ana sa mata tayoyin ƙarfe ta shiga caɓin shinkafa, ana ɗaura mata tirela, wasu ma suna da kujera. Ta fi tsada nesa ba kusa ba, amma ita ce ta aikin haya.

Kada kalmar "ƙarfin doki" da aka manna a jikin inji ta ruɗe ka. Sitika ce, kowa na iya bugawa. Dubi faɗin inda wuƙaƙe ke ci, ka yi lissafi da kanka. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, wato kusan kadada biyu da rabi. Injin da faɗin cinsa santimita 60 ne, yana tafiyar kilomita 2 a awa, zai ci murabba'in mita 1,200 a awa guda. Ka ga hekta ɗaya ta wuce awa 8 ke nan, ba a sa juyawa a bakin gona da shan ruwa da sallah ba. Duk dillalin da ya ce maka ƙaramin inji zai gama hekta biyar a wuni, tambaye shi faɗin da gudun, ka buga a kalkuletar wayarka a gabansa.

Makanike kafin inji

Kafin ka je kasuwa, fara zuwa wurin mai gyaran injin ban-ruwa da mai gyaran injin niƙa na garinku. Dalili kuwa, ƙananan fawa tila masu fetur galibi suna ɗauke da inji dangin Honda GX200, ko kwafinsa da ake rubuta wa 168F ko 170F, irin wanda ke jikin injinan ban-ruwa da yawa a fadamunmu. Manyan kuma da yawansu suna ɗauke da injin gas mai silinda ɗaya, irin S195 ko ZS1100, 'yan uwan waɗanda ke juya injin niƙa. Idan naka daga wannan dangi yake, fulogi da kafireta da ringi da nozul ba za su gagare ka ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne akwatin giya da wuƙaƙe da bel, domin su kowane kamfani da nasa. Tambayi mai sayarwa ya nuna maka su a kan kanta, ka gani da idonka. "Za mu yi maka oda" ba amsa ba ce.

Ka tuna lokacin huɗa gajere ne. Ruwa ya sauka a watan Yuni, kowa na son a yi masa a mako biyu ko uku na farko. Daga Tambuwal zuwa Sakkwato kusan kilomita 100 ne, daga ƙauyukan Kebbe ya fi haka. Idan abin da ya karye sai an aiko daga Kano ko Legas, kafin ya iso masu garmar shanu sun kwashe kwastomominka, gonarku ma ta makara.

Sabo ko na hannu?

Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, aka kuma saki Naira a kasuwar canji a watan Yunin shekarar, duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tashin gwauron zabi. Shi ya sa ido ya koma kan na hannu. Ba laifi ba ne, in dai za ka tafi da makanikenka, kai ka biya shi, ba wanda mai kaya ya kawo ba.

Ku je da sassafe, ka taɓa jikin injin ka tabbatar da sanyi. Injin da aka ɗumama kafin ka iso yana ɓoye ciwonsa. A tayar da shi a gabanka ka kalli hayaƙi. Shuɗi alama ce yana ƙona baƙin mai, ringi sun gaji. Baƙi ƙirin da ba ya washewa, a duba nozul da matatar iska. Zaro ma'aunin baƙin mai, idan ka ga ya yi fari-fari kamar an zuba madara, ruwa na shiga, ka yi sallama ka tafi. A gwada kowace giya har ta baya. Daga nan a shiga ƙasa da shi na rabin awa, domin a kan siminti kowane inji jarumi ne.

Ka kuma fifita mai matatar iska irin wadda ake zuba wa mai a ƙasanta. Ƙurar hunturu ta wannan yanki tana kashe inji fiye da aiki.

Kada ka tura kuɗi don hoto

Shafukan sayar da injinan gona sun cika intanet, na gaskiya da na ƙarya. Salon 'yan damfara ɗaya ne: farashi ƙasa da na kowa, "saura guda biyu", sai ka tura rabin kuɗi a ɗora a mota. Kana turawa a toshe lambarka. Ko ka je da ƙafarka Sakkwato ko Jega ko Birnin Kebbi ko Kano, ko ka wakilta wanda ka yarda da shi ya ga kayan. Karɓi rasit mai ɗauke da lambar inji. Wannan takarda ita ce shaidarka in an sace, ita ce kuma kariyarka kada a ce na sata ka saya.

Haka batun tallafi ko rance. Duk wanda ya ce ka biya kuɗin fom ta asusunsa don ya sa sunanka, ka je sashen gona na sakatariyar ƙaramar hukuma ko reshen Bankin Manoma ka tambaya da bakinka.

Lissafin da ke raba mai riba da mai kuka

Kada ka kashe duk abin da ke hannunka a kan injin. Ware kuɗin mota, da mai na makon farko, da baƙin mai, da bel da wuƙaƙe na ajiya. Ƙananan injinan fetur ana yi musu juyen farko bayan kamar awa 20 na aiki, mutane da yawa kuma a nan suke fara kashe sabon inji.

Sai ka zauna da biro. Nawa ake biyan huɗar kadada a garinku da shanu ko da babbar tarakta? Cire kuɗin mai, cire ladan mai tuƙi, cire wani abu na gyara. Abin da ya rage shi ne ribar kadada ɗaya. Raba kuɗin injin da wannan riba, za ka ga kadada nawa za ka huɗe kafin uwar kuɗi ta dawo. Idan lissafin ya nuna sai damina biyar, ka sake tunani. Gonar gidanku kaɗai da wuya ta biya babban inji, dole sai da haya.

Hanyar rage shekarun ita ce kada injin ya kwanta. Bayan damina ga noman rani. Tirela na kwaso amfanin gona da taki da bulo, ranar kasuwa ma ba ta rasa lodi. Babban injin gas ana ɗaura masa bel ya juya famfon ruwa ko injin casa. Ke ma 'yar'uwa mai jari a hannu, ba dole sai kin riƙe shi da kanki ba, kina iya saya ki ɗauki mai tuƙi, ki riƙe littafin shiga da fita.

In kuɗin bai kai ba, ku haɗu uku ko huɗu. Amma a rubuta komai a gaban shaidu: wa ke ajiyewa, gonar wa za a fara, wa ke biyan gyara, yaya za a yi in ɗaya ya ce zai fita. Abota da yawa ta mutu a kan wa za a fara yi wa huɗa bayan ruwan farko.

Ƙafarka ta fi injin tsada

Wuƙaƙen fawa tila ba su san mai gida ba. Kada ka sa giyar baya alhali suna juyawa, nan ne ake rasa ƙafa. Ban da babbar riga, ban da rawani mai jela kusa da bel, ban da silifas. Kashe inji kafin ka sa hannu cire ciyawar da ta naɗe. Kada a bar yara su bi bayansa. Kuma da yanayin tsaron da wasu sassan Kebbe ke ciki, kada ka bar shi ya kwana a gona mai nisa, kada kai ma ka kai magariba a can don ƙarasa kadada ɗaya.

Abu na ƙarshe, kuma mafi arha: kafin ka saya, nemi mai irin injin a yankinku ka ɗauki hayarsa wuni ɗaya a gonarka. Kai ka riƙe, kai ka auna man da ya sha, kai ka duba zurfin huɗar. Idan da yamma lissafin ya fita kuma makaniken garinku ya ce ya san cikinsa, to bismillah, je ka yi ciniki.