Kada A Bar Mai Naƙuda Ita Kaɗai

Ba banza ba muke gaida mai jego da "barka da arziki". Mun san mace mai naƙuda ƙafarta ɗaya tana duniya, ɗaya tana lahira. Duk da haka, sau da yawa a wannan sa'a ce muke barin ta ita kaɗai. A gida, kunya kan sa yarinya mai cikin fari ta ɓoye ciwonta don kada a ce ta yi raki, ungozoma kuwa a wasu wurare ba a kiran ta sai jariri ya faɗo, ta zo ta yanke cibi. A gidan haihuwa kuma, ma'aikaciya ɗaya kan duba mata da dama, dangi suna zaune a waje.

A Amurka wannan giɓi ya haifar da wata sana'a da ake kira "dula". Kalmar daga Girkanci take, ma'anarta mace mai hidima, kuma wata masaniya mai suna Dana Raphael ce ta yaɗa ta a wani littafi kan shayarwa a 1973. Dula mace ce da ke zama tare da mai naƙuda daga farko har ta sauka. Ba ta karɓar haihuwa, ba ta yin allura, ba ta ba da magani. Aikinta shi ne ta riƙe mata hannu, ta danna mata baya, ta ba ta ruwa, ta taimaka mata ta zagaya ko ta sauya kwanciya, ta kwantar mata da hankali, ta kuma isar da kukanta ga ma'aikata.

Wani zai ce me wannan zai ƙara? A 1980 likitoci biyu, Marshall Klaus da John Kennell, da abokan aikinsu suka fitar da sakamakon wani bincike da suka yi a Gwatemala kan masu haihuwar fari. Waɗanda aka zauna tare da su sun sauka cikin kimanin awa 9 bayan shigarsu asibiti, waɗanda aka bari su kaɗai kuwa sai da suka kai wajen awa 19. A 2017 masana na ƙungiyar Cochrane suka tattara bincike 26 daga ƙasashe 17, da suka shafi mata fiye da 15,000, suka ga cewa rakiya tana rage tsawon naƙuda, tana kuma rage yawan tiyata da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu. Dalilin ba boyayye ba ne: tsoro yana sa jiki ya saki sinadaran firgici masu rage ƙarfin naƙuda, natsuwa kuwa tana barin mahaifa ta yi aikinta. Shi ya sa a 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a bar kowace mace ta shiga da wanda ta zaɓa ya tsaya mata.

Mu Musulmi wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Suratu Maryam ta nuna mana yadda naƙuda ta tsananta ga Nana Maryam a gindin dabino har ta yi fatan mutuwa, da yadda Allah Ya sa aka kira ta, aka lallashe ta, aka tanadar mata ruwa da ɗanyen dabino. Idan wannan baiwar Allah ta buƙaci lallashi, ina ga ƴaƴanmu? Al'adar goyon ciki ma, inda yarinya ke komawa gidan iyayenta don haihuwar fari, asalinta ke nan. Ba sai mun biya wata kuɗi kamar mutanen Amurka ba: muna da iyaye mata, da gwaggonni, da yayye. Abin da ya rage shi ne mu ba aikin muhimmanci, mu kuma san iyakarsa.

Tun cikin yana wata bakwai ya kamata a tambayi mai cikin wadda take so, domin wata ba za ta iya buɗe baki gaban surukarta ba. A zaɓi mace mai haƙuri da riƙon asiri, ta riƙa raka ta awon ciki, ta tambayi ma'aikata ko za su bar ta ta shiga ɗakin haihuwa. Ranar naƙuda ta tuna mata da ambaton Allah cikin taushin murya, ban da tsawa, ban da gori. Kada ta ɗura mata jiƙe-jiƙen saurin naƙuda, kada ta danna mata ciki, kada ta yarda a yi mata yankan gishiri, domin yana jawo yoyon fitsari. In ta ga zubar jini, ko jijjiga, ko ciwon kai mai tsanani da dishi-dishin gani, ko naƙudar da ta wuce awa 12, to babu sauran jira a gida.

Ku kuma magidanta, naku rabon shi ne ku ba da izinin tafiya asibiti tun kafin ranar, ko kuna nan ko ba ku nan, ku tanadi abin hawa da kuɗi da wanda zai ba da jini in an buƙata.

Allah Ya sauki matanmu lafiya, Ya raya abin da suka haifa bisa tafarkin Musulunci, amin.