'Yar Ƙofa Tsakanin Kwamfutoci Biyu

A tsofaffin unguwannin cikin birnin Kano, irin su Yakasai da Mandawari, akan tarar da gidajen 'yan'uwa biyu an huda katangar tsakaninsu an yi 'yar ƙofa, mata na shige da fice ba sai sun bi ta zaure ba. To, abin da masu aiki da Linux ke kira "mount" kusan haka yake: ka buɗe wata folda a kwamfutarka, sai ga kayan da ke ajiye a wata kwamfutar kamar naka ne.

Shiga shagon buga takardu ka gani. Kwamfuta uku, filashi ɗaya yana yawo hannu zuwa hannu, katin biki da takardar haya duk a ciki, yana kwasar bairos yana rabawa. Alhali da waya ko Wi-Fi ana iya haɗa su.

Hanyoyin sanannu biyu ne. NFS, wadda kamfanin Sun Microsystems ya ƙirƙiro a 1984, asalinta ta dangin Unix ce, irin su Linux. Idan kuwa kayan suna kan Windows, yarensa SMB ne, kuma Andrew Tridgell ɗan Ostireliya ya fitar da Samba a 1992 don Unix ta iya jin wannan yaren. Sai ka yi foldar da babu komai a ciki, a ce /mnt/aiki, sannan ka rubuta mount -t cifs, adireshin foldar da ke waccan kwamfutar, da sunan foldarka. Za ta nemi kalmar sirri. Shi ke nan.

Amma fa kayan ba su tashi daga inda suke ba, leƙe kawai kake yi. A garin da ake ɗauke wuta ba sallama, wannan ba ƙaramin zance ba ne. In kwamfutar da kayan ke ciki ta mutu, NFS a tsarinta na asali ba ta haƙura, jira take yi, aikinka ya sandare har sai an tayar da janareta. Wanda ya saka haɗin a fayil ɗin /etc/fstab don ya riƙa buɗewa da kansa, ya ƙara kalmar nofail, in ba haka ba wata safiya kwamfutarsa za ta tsaya tana jiran maƙwabciyar da ba a kunna ba.

Tsohon SMB na farko kuwa, a rufe shi. Ta nan muguwar manhajar WannaCry ta kutsa a watan Mayun 2017, har ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila.