Duna da Baƙon Kwikwiyo

A ƙarshen kakar bara kawuna, wanda ya daɗe yana farauta a dazukan Sandamu da Baure, ya aiko mini da kwikwiyo ɗan wata uku a cikin kwali. Ina da garken tumaki a bayan garin Daura, kan hanyar Mai'adua, kuma karen da ke gadinsa, Duna, ya kai shekara 7, har bakinsa ya soma furfura. Na ce gara a samo masa magaji tun da sauran ƙarfinsa. Yara suka raɗa wa baƙon suna Zaki.

Kwana biyu da zuwansa abin ya fara. Duna ya sunsune shi, ya ɗora masa haɓa a wuya, sai ya haye bayansa ya riƙe masa ƙugu da ƙafafun gaba. Kwikwiyon ya lafe a ƙasa yana kuka. Yara suna ta ƙyaƙyata dariya, ni kuwa kunya ta rufe ni, ga shi dukansu maza ne. Na zari karan dawa na zabga wa Duna. Ya sauka, ya koma gindin bedi ya kwanta yana harara ta. Ban gama zuba wa tumaki dusa ba ya sake hayewa.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka na kai wa kawu maganar. Ya yi dariya har da tari.

"Kai ɗan nan, ba barbara ba ce. Ka taɓa ganin karnukanmu ranar fita farauta, an buga ganga? Kowane yana hawan ɗan'uwansa, har karya tana hawan namiji. Zumuɗi ne ya yi musu yawa. Ka sa masa kishiya a gida, sannan ka bi shi da duka?"

Likitan dabbobin da na kai wa Zaki don allurar haukan kare, wadda ake fara yi daga wata 3, shi ma haka ya ce, sai dai ya ƙara bayani. Kwiyakwiyai suna hawan juna cikin wasa tun kafin a yaye su, kuma kare ko an dandaƙe shi ba lallai ya daina ba. Wani lokaci wasa ne, wani lokaci damuwa ce saboda an canza masa yanayin gida, wani lokaci kuma babban ne ke nuna wa ƙaramin matsayinsa. Duka yana ƙara damuwar, damuwar kuma tana ƙara hawan. Ya ce in lura ko Duna yana yawan lasar gabansa ko fitsari yana ba shi wuya, domin ƙaiƙayi da ciwon mafitsara su ma suna sa haka. Akwai kuma wani ƙari mai zubar da jini a gaban karnukan da ke yawon gari, wanda suke ɗauka wurin barbara. Yana warkewa da allurai idan an kai da wuri.

A nan na gane laifina. Mu da muke ajiye kare don gadin dabbobi, gona ko farauta, kamar yadda addini ya yarje, mun fi barinsa a ɗaure da sarƙa yini guda. Kare mai jinin farauta, a kwance shi da magariba ƙarfinsa na nan cunkushe, ga ɗan baƙo a gabansa, me ake so ya yi?

Sai na sauya tsari. Da asuba Duna ya bi tumaki zuwa kiwo, ya dawo da harshe a waje, sannan in haɗa su. Kowa da kaskonsa na tuwo, nesa da juna, kuma na Duna nake fara ajiyewa. Na kewaye wa Zaki wani lungu da zana, na bar ƙofa ƙarama wadda shi kaɗai zai iya shiga. Abin da ya fi aiki kuwa shi ne sa ido: da na ga Duna ya ɗora haɓa ko ƙafa a bayan kwikwiyon, sai in kira sunansa in jefa masa ƙashi can gefe. In ya riga ya hau, in janye shi da igiya ba tsawa, in ɗaure shi ɗan lokaci. Yara ma na hana su dariya da ihu, don ihun nasu zuga shi yake yi. Cikin mako uku abin ya ragu ƙwarai.

Da a ce Zaki mace ce, da lissafin ya bambanta. Karya takan fara neman namiji tsakanin wata 6 zuwa shekara guda, ta yi kamar mako uku a haka, cikinta kuma kwana 63 ne. A zagayen farko jikinta bai gama ƙwari ba, sai a raba su da ƙyaure mai sakata. In kuwa sun riga sun maƙale, a ƙyale su su rabu da kansu. Jifan da yara ke yi musu a kan titi rauni yake ji musu.

Da Zaki ya kai wata 7, wata safiya na tarar shi ne yake ƙoƙarin hawan Duna. Tsohon ya juyo ya yi masa gurnani ɗaya, ya bankaɗe shi da kafaɗa. Ban sa baki ba. Zaki ya koma bayan zanarsa, ya leƙo da kai kawai.