Adam Petty: Matashin direban tseren motoci da ya rasu yana da shekaru 19

Sau ɗaya tak Adam Petty ya shiga babbar gasar tseren motoci ta NASCAR a Amurka, kuma ko ƙarshen tseren bai kai ba. Amma har yau sunansa na cikin waɗanda ake fara ambatawa idan ana batun kare rayukan direbobi.

NASCAR dai ita ce hukumar da ke shirya tseren motocin da a ido suke kama da waɗanda ake sayarwa a kasuwa, alhali injinsu na musamman ne. Galibi suna zagaya fili ne mai siffar ƙwai wanda aka kewaye da katanga, kuma a manyan filaye gudunsu kan kai kilomita 300 a sa'a guda.

An haifi Adam ran 10 ga watan Yulin 1980 a gidan da tsere ya zama gado. Kakan mahaifinsa, Lee Petty, shi ya lashe tseren Daytona 500 na farko a 1959. Kakansa Richard, wanda ake wa laƙabi da Sarki, ya ci tsere 200 da kambin zakara sau bakwai. Mahaifinsa Kyle shi ma direba ne.

A 1998 Adam ya yi nasara a tserensa na farko a gasar ARCA a filin Charlotte, sannan a 1999 ya koma rukuni na biyu na NASCAR da mota mai lamba 45.

Ran 2 ga watan Afrilun 2000 ya samu shiga rukuni na ɗaya a Texas, inda injinsa ya lalace, ya ƙare a matsayi na 40. Kwana uku bayan haka Lee Petty ya rasu.

Makonni kaɗan da rasuwar tsohon, ran 12 ga watan Mayu, Adam na gwajin mota a filin New Hampshire lokacin da toturinsa ya maƙale yana dosar kwana ta uku. Motar ta daki katangar kankare, kuma ya rasu sakamakon karayar ƙashin gindin ƙoƙon kai.

Irin wannan rauni yana faruwa ne idan mota ta tsaya farat ɗaya. Bel yana riƙe ƙirji da kafaɗun direba, amma kai, da nauyin hular kwano a bisansa, sai ya ci gaba da tafiya, ya fizgi wuya.

Abin takaicin shi ne, tun shekarun 1980 Robert Hubbard da Jim Downing suka ƙirƙiro na'urar HANS, wadda ake ɗora wa direba a kafaɗa, a ɗaure ta da hular kwano don hana wannan fizga. Direbobi da dama sun ƙi ta, suna kukan cewa tana takura musu, hukumar kuma ba ta tilasta ba.

Ran 7 ga watan Yuli, Kenny Irwin ya mutu a kwanar da ta ci Adam, da irin raunin. Hukumar ta sa a liƙa makunnin kashe inji a jikin sitiyari, ta kuma rage ƙarfin motoci a tseren Satumba na filin. Wato ta dubi totur, ta bar wuya.

A watan Oktoba Tony Roper ya mutu a Texas. Sai da fitaccen direba Dale Earnhardt ya mutu a zagayen ƙarshe na Daytona 500 a Fabrairun 2001 kafin lamarin ya girgiza hukumar, kuma a Oktoban shekarar ta wajabta na'urar kare kai da wuya. Daga 2002 aka soma sanya wa katangu shingen ƙarfe da soso mai rage ƙarfin karo.

Tun bayan Earnhardt, babu direban da ya sake mutuwa a haɗarin tsere a manyan rukunai uku na NASCAR.

Kyle Petty ya karɓi lamba 45 ya ci gaba da tsere da ita. A 2004 iyalin suka buɗe sansanin Victory Junction a garin Randleman na jihar North Carolina, domin yara masu fama da cututtuka masu tsanani, abin da Adam ya yi burin ginawa kafin rasuwarsa.