Sabunta sautin tsofaffin faya-fayan rok: misalin Beatles

Cikin wannan ƴar takarda muna so mu rarrabe ayyuka biyu da ake yawan cuɗawa in an sake fitar da tsohon faifai. Na farko shi ne gyaran sauti: injiniya ya koma ga zaren asali, wanda an riga an haɗa muryoyi da kayan kiɗa a kansa, ya tsabtace shi kawai. Na biyu shi ne sake haɗi: a warware muryoyin da kayan kiɗan, a sake auna kowane.

Faya-fayan Beatles sun fara fitowa a CD a 1987. Ran 9 ga Satumba 2009 aka sake fitar da su, bayan injiniyoyin Abbey Road, a Landan, sun shekara 4 suna gyara. Sun yi taka-tsantsan: cikin minti 525 na kiɗa, inda suka tace ƙarar zare bai kai minti 5 ba. Amma abin da Giles Martin ya yi wa Sgt. Pepper a 2017 sake haɗi ne, don haka ba a auna shi da ma'aunin gyara.

Haɗarin gyara shi ne matse sauti domin ya yi amo. CD na da tazarar desibel kamar 96 tsakanin mafi sanyin sauti da mafi ƙarfi. Matsi yana rage ta, bugun ganga ya rasa kaifinsa. Kunne kuwa yakan ɗauki mai amo a matsayin mai kyau. Saboda haka, kafin mu kwatanta tsohon fitowa da sabo, dole mu daidaita ƙarfin sautinsu.