Masoyi mai rikiɗa: Me ya sa littattafan soyayyar mutum-kyarkeci ke raba kan masu karatu a Katsina?

Wani nau'in labarin soyayya ya samu gindin zama a wayoyin matasa masu karance-karance. Budurwa ce ke faɗawa hannun namijin da yake mutum da rana, amma idan wata ya cika sai ya rikiɗa ya zama kyarkeci. Galibi da Ingilishi ake rubuta su, ana sayarwa babi-babi a manhajoji irin su GoodNovel, Dreame da Webnovel, tallarsu kuma tana kutsowa cikin Facebook ba sallama.

A Katsina, birnin da ya goyi marubutan farko na ƙagaggun labaran Hausa na boko, saɓanin da ke tsakanin masu karanta su ya wuce batun daɗi ko rashin daɗin labari. Ya taɓo aƙida, auren dole, tsaro, da kuma tambayar wane ne ke da ikon yanke abin da baligi zai karanta.

Daga ina labarin ya samo asali?

A tsohuwar Turai, mutum-kyarkeci abin tsoro ne. A 1589 an kashe wani manomi mai suna Peter Stumpp a garin Bedburg na ƙasar Jamus bisa zargin yana rikiɗa yana cinye mutane. Sai a baya-bayan nan ne dodon ya zama saurayi. Jerin littattafan Twilight na Stephenie Meyer, wanda ya fara fitowa a Amurka a 2005, ya taka rawa babba, musamman da aka mayar da shi fina-finai tsakanin 2008 da 2012, inda masu kallo suka rabu gida biyu kan wanda ya dace da jarumar: mai shan jini ko mai rikiɗa kyarkeci.

Manhajojin karatu suka ɗauki salon suka mayar da shi ƙa'ida. Akwai shugaban garke da ake kira alfa, mai ƙarfi, mai dukiya, mai zafin kishi. Akwai yarinya marainiya ko wulaƙantacciya, wadda ƙaddara ta ɗaure ta da shi tun kafin su haɗu. Yakan ƙi ta ko ya gallaza mata, daga baya ya dawo yana nadama.

Baƙo ne a adabin Hausa?

Kyarkecin dazuzzukan Turai ba dabbar ƙasar Hausa ba ce, yawancin mutane ma a ƙissar Annabi Yusuf (AS) suka san sunan. Amma rikiɗa kanta tsohuwar magana ce a nan, sai dai kura ce ke riƙe da matsayin. Labaran mutanen da ke komawa kura da dare sun bazu daga ƙasar Hausa zuwa Borno har Habasha. Masani Joseph Greenberg, a littafinsa na 1946 kan Maguzawan Kano, ya ambaci Kure, iska mai siffar kura, cikin manyan iskokin da ake girmamawa.

Tatsuniya ma ta san miji mai rikiɗa. Akwai ta budurwar da ta rantse ba za ta auri mai tabo ba, har dodo ya zo mata a siffar kyakkyawan saurayi, sai da aka yi nisa cikin daji ya koma kamanninsa. Bambancin yana a ƙarshe: a tatsuniya yarinya tserewa take yi, darasin kuwa gargaɗi ne. A littafin manhaja zama take yi, ta zama sarauniyar garke.

Rubutaccen adabi bai guji gaibu ba. Abubakar Imam yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja don gasar 1933, kuma da taimakon aljanu jaruminsa ya kai ga ruwan. Yayansa, Malam Bello Kagara, wanda ya koyar a Kwalejin Katsina, ya kai Ganɗoki duniyar aljanu. Soyayya kuwa ta cika kasuwa tun daga shekarun 1980, kuma 'yar jihar nan, Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, marubuciyar Allura Cikin Ruwa, tana cikin waɗanda suka fi tashe. A yau marubutan Hausa na intanet suna haɗa biyun, sai dai aljani suke sanyawa a gurbin kyarkeci.

Ina ra'ayoyi suka rabu?

Masu son labaran suna kafa hujja da cewa almara ce, kuma kowa ya san almara ce. Abin da ke jan su shi ne ɗaukakar wadda aka raina: yarinyar da kishiyar uwa ta mayar baiwa ta wayi gari kowa na rusuna mata. Ga matashiyar da ba ta da ta cewa a gida, wannan huce haushi ne mai sauƙin kuɗi.

Masu suka ta fuskar addini sun fi damuwa da allahiyar wata da labaran ke cewa ita ke haɗa masoya, abin da ke cin karo da tauhidi, sai kuma batsar da ke cikin da yawa daga cikinsu. Nau'in Hausa mai aljani ya fi tayar da ƙura, domin samuwar aljani aƙida ce, kuma maganar namijin dare tana kai mata wurin masu ruƙiyya. An ruwaito cewa Imam Malik ya ƙyamaci auren mutum da aljani, don gudun kada mace ta yi ciki ta ce na mijinta aljani ne, ɓarna ta yawaita.

Kashi na uku ba ruwansu da gaibun, halin jarumin ne matsalarsu. Namijin da ya ɗauke yarinya, ya tsare ta, ya ce tasa ce ko tana so ko ba ta so, a ganinsu auren dole ne aka shafa wa hoda. Wannan hujja tana da nauyi a jihar da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020, kuma ƙauyukan gefen dajin Rugu suka daɗe suna fama da satar mutane, har da mata. A nan, mutumin daji mai ɗauke 'yan mata ba almara ba ne.

Shi kansa alfan a kan kuskure aka gina shi. Tunanin ya fito ne daga binciken Rudolf Schenkel na 1947 kan kyarketan da ke tsare a gidan namun daji na Basel, sannan littafin David Mech na 1970 ya yaɗa shi. A 1999 Mech ya nuna cewa garken kyarketai a daji iyali ne kawai: uwa, uba da 'ya'yansu.

Wa ke cin riba?

Mai karatu yana samun babukan farko kyauta, sauran kuma sai ya sayi sulallan manhaja ya buɗe. Saboda haka ake jan labari zuwa ɗaruruwan babuka, kowanne yana yankewa a inda ake ɗokin ji. Kasuwar ba ƙarama ba ce: a 2021 kamfanin Naver na Koriya ta Kudu ya sayi Wattpad kan kimanin dala miliyan 600. Cikin marubutan akwai 'yan Najeriya da ke fakewa da sunayen Turawa, suna zuba dubban kalmomi a rana, mai manhaja kuma shi ke yanke rabon kowa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Haramtawa za ta yi aiki?

An taɓa gwadawa a maƙwabta. Kano ta kafa hukumar tace fina-finai da ɗab'i a 2001, kuma a 2007 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta ƙona littattafan da aka ƙwace a hannun ɗalibai mata ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Rubutun bai mutu ba, cikin 'yan shekaru ya koma waya, inda ba ɗan tebur ɗin da za a kama. Kamfanonin manhajojin kuwa a ƙetare suke, dokar jiha ba ta isa gare su. Wanda duka zai faɗa wa shi ne marubucin gida, alhali shi kaɗai ne zai iya ba matasa labarin da ya san ƙasarsu.

Akwai kuma wani haɗari da ya fi littafi kusa. Imani da rikiɗa da maita yana janyo wa mutane na gaske, galibi tsofaffin mata, duka da kora, wani lokaci har kisa, duk da cewa dokar manyan laifuka ta Arewa ta haramta jifan mutum da maita. Mai karatun da ya iya bambance kyarkecin takarda da maƙwabciyarsa tsohuwa, ya kuma iya tambayar ko jarumar labari ta yarda ko tilasta mata aka yi, ya mallaki kariyar da hukumar tacewa ba ta iya ba shi. Irin wannan karatu a aji da gida ake koyon sa, kuma har yanzu shi ne aikin da ke jiran malaman adabi da ƙungiyoyin marubuta na Katsina.