"Namiji ne, zai yi": uzurin da ke ɓoye tamowa a Madarunfa

Binciken ƙasa na 2022 ya nuna kashi 47 cikin ɗari na yaran Nijar 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, jihar Maraɗi kuwa tana cikin inda abin ya fi ƙamari. Duk da haka, a ƙauyukan Madarunfa da ke jihar, in yaro ya cika shekara biyu bai iya haɗa kalma biyu ba, amsar kakarsa ɗaya ce: "Namiji ne, nauyin baki gare su, zai yi." Wannan uzurin yana cinye mana yara.

Ban ce babu ƙamshin gaskiya a maganar kakanni ba. 'Ya'ya mata kan riga maza buɗe baki, amma tazarar ba ta taka kara ta karya ba. Ta fuskar tafiya kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi yara a Gana, Indiya, Norway, Oman da Amurka, a 2006 ta fitar da ma'auni ɗaya tal ga mace da namiji: yaro mai lafiya kan fara tafiya da kansa tsakanin wata 8 zuwa 18.

Bambancin da ya kamata ya hana mu barci wani ne dabam. Jinjiri namiji ya fi mace raunin jiki. Maza sun fi mutuwa a watan farko, kuma wani babban nazari na 2020 da ya tattara binciken ƙasashe masu yawa ya gano sun fi mata faɗawa rama da tsumburewa. Wato wanda muke wa kirarin ƙarfi, shi tamowa ta fi saurin kayarwa. Da damina rumbu ya yi ƙasa, sauro ya yi yawa, zazzaɓi da gudawa suna karɓa-karɓa. In uwa ta yi kwanika, sai a yaye yaro dare ɗaya, a miƙa shi ga kaka da tsararon koko. Ƙwaƙwalwar da ke ginuwa daga ciki zuwa shekara biyu ba ta jiran kaka ta yi.

A wani gida kan hanyar Ɗan Isa na ga yaro ɗan wata 26 zaune bisa tabarma, gashinsa ya yi ja ya yi laushi, ko ƙudan bakinsa ba ya korewa. Sa'arsa mace tana ta zagaya turmi tana surutu. Gidan duka sun yarda halin maza ne. Da aka zagaya masa ma'aunin damtse, sai ya tsaya a ja, ƙasa da milimita 115.

Ita ma yarinyar ba ta tsira ba. Don an ce ta yi wayo da wuri, tana shekara biyar za a ɗaura mata goyo, a ɗora mata farantin talla.

Tun 2006 gwamnati ta ayyana jinyar 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta, kuma ƙungiyar likitoci ta MSF ta daɗe tana kula da masu tamowa a asibitin Madarunfa. Iyaye, yaron da ya kai wata 18 bai taka ba, ko shekara biyu bai haɗa kalma biyu ba, mace ko namiji, ku kai shi likita a auna damtsensa.